Baban Haruna

Bana ruwa ya yi mana halin nan nasa. Ya sauka sau biyu da ƙarfi, muka yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa kamar wanda aka yi wa laifi. Yau da safe na je gona na tarar ganyen dawa ya nannaɗe, na tsuguna na tona ƙasa da yatsa, babu laima ko ta rantsuwa. Ina tsugunen nan shekarar yunwa ta faɗo mini a rai, Baba kuma ya biyo bayanta. Wannan ce damina ta farko da ba ya duniya. Da bazarar nan muka kai shi makwancinsa, ya haura casa'in, Allah Ya jiƙansa.

A zaman makokinsa kowa da labarin da yake bayarwa. Ƙanena Sabo yana gaya wa mutane yadda Baba ke saɓa shi a wuya har kasuwar Dangora. In na shiga cikin gida sai in tarar da Ladidi, autarmu, wadda yanzu jikokinta sun fi nawa yawa, tana hawaye tana cewa har kitso ya taɓa tsefe mata. Ni kuwa ina karɓar gaisuwa ina cewa amin. In faɗi gaskiya, kishi nake yi. Furfura ta cinye mini gemu, amma wallahi kishin ƙannena nake yi har gobe.

Ni ne ɗan fari. Sunana Haruna, amma a bakin Baba sunana "wancan". A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya cin abinci da shi a kwano ɗaya. Kunya ce, haka muka taso muka gani. Sai dai wasu iyayen in ɗa ya girma suna ɗan sassautawa. Baba kuwa ya haɗa kunyar da tsaurin soja, ya riƙe ta kamar oda. In yana son in yi abu sai ya dubi Ladidi ya ce, "Ki gaya wa wancan ya ɗaure jaki," alhali ga ni tsaye a gabansa. In babu ɗan aike sai ya yi magana da iska. "A tafi gona." "A kawo garma." Ni ne "a" ɗin nan.

Da a ce mutum ne mai murtuke fuska ga kowa, da ban damu ba. To ba haka yake ba. Ina jariri ya tafi ƙasar Kwango da soja, ya dawo ya yi yaƙin basasa, ya samu igiyar saje, aka sallame shi da harsashi a cinya da ɗingishin da ya bi shi har kabari. Tunda ya dawo ƙauyenmu na gefen Dangora, a ƙasar Kiru, ya zama mutumin gida. Shi ke ja wa Inna ruwa a rijiya, shi ke faskara mata itace. Maza a majalisa suna ce masa mijin-ta-ce a bayan idonsa, a gabansa kuwa sai "Saje, barka da hutawa." Ko a jikinsa. Da yamma zai zauna a kan turmi ya jera yara ya koya musu fareti da karan dawa, Ladidi ce kwamanda, shi ne kurtu, tana ba shi oda yana ƙamewa har sai Inna ta yi dariya ta ƙware. Ni ina bakin zaure ina gyaran ƙotar fartanya, ina yi kamar ba na ji.

Shekarar da nake magana, farkon shekarun tamanin ne, zamanin da ake bin layi kafin a sayi sabulu. Na haura ashirin, Sabo yana ɗan sha uku, Ladidi ba ta gama famfara ba. Mun yi sharar gona da wuri, mun kai taki a mangala. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji yunwar aiki. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni da Sabo muna biye muna jefa iri muna rufewa da dunduniya. Ya tsiro gwanin kyau, sai rana ta ƙone shi. Muka sake shuka. Wannan karon ya kai gwiwa, muka yi noman farko, muka yi maimai, har dawa ta fara ɗaukar ciki. Daga nan sama ta bushe.

Hadari yakan haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, yara su fito tsirara suna tsalle, sai iska ta zo ta watsa shi. Zafin da ke biyo baya ya fi na kafin hadarin. An fita roƙon ruwa a filin idi, an yi sadaka da gumba, dattawa sun yi kuka a gaban yara. Gona ta koma fara fat, in ka shiga sai ƙarar busasshen ganye. Da kaka, gandun da muke ɗaure dami har mu gaji da jido, abin da muka samu jaki ya kwashe shi kafin azahar.

Baba ya leƙa rumbu, ya sauko, ya kafa doka. Girki sau ɗaya, da yamma. Da safe ruwan koko, in an samu. Shi da kansa yake auna wa Inna hatsi da wani ƙaramin kwanon ƙarfe da ya dawo da shi daga soja, ya shafe bakinsa da yatsa kada ƙwaya ta yi tozo. Inna ta daina zubar da dusa, ita ma ta shiga tukunya. Rani ya wuce a haka. Da bazara ta kama, tuwo ya koma fate, fate ya koma ruwa-ruwa da ganye a ciki. Mun ci zogale har bishiyar ta koma sanda. Mun ci garin ɗorawa har harshe ya yi rawaya. Akuyoyi suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, jaki ya bi su. Yunwa tana da wani ɗaci a baki da safe, in ka miƙe da sauri sai ka ga duhu. An sa mini ranar aure a shekarar, aka ɗaga, ba wanda ya ma tsaya bayani.

Abin da ya fi yunwar ci mini rai shi ne lokacin cin abincin. In an idar da magariba Baba zai zauna a tsakar gida ya buɗe kwanonsa ya ɗaga murya, "Ladidi! Sabo! Ku zo ku taya tsoho." Zai yi loma biyu ya ce ya ƙoshi, wai cikin soja ƙarami ne, ya tura musu. Ina jin Ladidi tana cewa, "Baba, ƙarya kake yi," yana cewa, "Kwamanda, a yi mini afuwa." Ni kuwa ana miƙo mini nawa a zaure, ni kaɗai da sauro. Nawa bai fi nasu ƙanƙanta ba, ba zan yi masa sharri ba. Amma da za a ce in ba da kwanon nan gaba ɗaya a kira ni a tsakar gida, da na bayar.

Wata rana na kasa daurewa na ce wa Inna, ita ma da take ce mini "babban yaya" don gudun sunan, "Wai ni tsintata aka yi?"

Ta ɗago daga tankaɗe ta harare ni. "Ji mini ƙato da gemu! So kake ya goya ka? Kunya ce, ba ƙi ba ne."

Na ce, "Ai ita kunyar ba a ƙoshi da ita."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri kafin in jefe ka da rariya."

Damina ta sake matsowa, mu kuwa har iri mun cinye. Wannan shi ne tashin hankalin, domin in ruwa ya sauka ba ka da abin jefawa a rami, yunwar baɗi ma ta tabbata. Ƙafafun Sabo sun fara kumbura. Ladidi ta daina fareti, sai ta kwanta a inuwar rumbu tana kallon kaji biyun da suka rage. Wata asuba muna fitowa daga masallaci Baba ya ce da katangar zaure, "A shirya, za a je Doguwa. A ɗauko buhu." Ashe yana da wani abokin soja a can, Kofur Audu, kuma an ce su can kudu sun ɗan samu ruwa, masara ta yi. Da Sabo yana da lafiya na san shi za a ɗauka, shi ne ɗan rakiyarsa ko'ina. Har kuka ya yi. Baba ya tsuguna ya shafa kansa yana lallashi, ni ina tsaye da buhu a hammata ina kallo.

Muka taka zuwa Kwanar Dangora, yana gaba yana jan ƙafa, kabidonsa na soja a naɗe a kafaɗa, wato doguwar rigar ruwan nan mai kauri. Wani direban motar itace ya ji tausayinmu ya ɗauke mu a baya. Muka wuce Tudun Wada, muka shiga daji, rana tana dukan ƙarfen motar har ba ka iya dafa shi. Ban taɓa zama kusa da Baba haka ba, gwiwata tana gugar tasa in mota ta faɗa rami. Duk tsawon hanyar nan maganarsa guda ce. Ya miƙo gora yana kallon bishiyoyi ya ce, "A sha."

Bayan la'asar muka isa ƙauyen. Wani gajeren mutum mai ido ɗaya yana zaune a gindin mangwaro yana tufka igiya. Yana ɗago kai ya yi jifa da igiyar ya kurma ihu.

"Baban Haruna! La ilaha illallahu, Baban Haruna, ashe kana duniya!"

Na waiga in ga da wa yake. Suka rungume juna, Baba yana cewa ƙasa-ƙasa, "Kai Audu, ka rage murya." Ina! Kofur Audu ya juyo da idonsa guda ya kafe ni da shi.

"Kar dai ka ce mini wannan ne Harunan?"

Baba ya dubi ƙasa. Ni na durƙusa na gaida shi na ce ni ne.

Kofur ya kama kafaɗuna ya girgiza ni. "Kai ne ka hana mu barci a Kwango! Yaro, ubanka ya cika mana kunne da kai. Haruna ya yi haƙori, Haruna ya yi rarrafe, Haruna kaza, Haruna kaza. A bataliyarmu ba wanda ya san sunansa na yanka, har Yarabawa da mutanen Binuwai Baban Haruna suke ce masa. Ranar da aka harbe shi a cinya, ni na ɗauko shi a baya. Jini yana zuba, ni ina tunanin yadda za mu tsira, shi kuwa yana ce mini, Audu, in na mutu ka je Kiru ka nemi Haruna. Na ce mutu mana, in ga wanda zai kai ni Kiru!"

Baba ya miƙe ya ɗauki buta ya ce bari ya yi alwala. Mun riga mun yi la'asar a hanya, magariba kuma da saura. Ya zagaya bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Daren nan na ci tuwon masara da miyar kuɓewa, tuwon gaske mai tauri, har gumi ya karyo mini. Amma ba tuwon ne ya cika mini ciki ba. Murna nake, kuma haushi nake ji. Wato mutanen da ba su taɓa ganina ba, wasu ma ƙasa ta daɗe da rufe su, sun ji sunana a bakinsa safe da yamma har ya gundure su, ni mai sunan ban ji ko sau ɗaya ba. Sai na samu kaina ina kishin Kofur Audu, mutumin da ke ciyar da ni. Duk da haka na ce a raina, yanzu dai asiri ya tonu, a hanyar komawa zai faɗa.

Kofur ya cika mana buhu da masara, ya ɗaure mana irin gero da na dawa a tsumma ya cusa a bakin buhun. Baba zai yi godiya sai Kofur ya ce masa, "Rufe mini baki, Saje, nan ba bariki ba ne." Washegari muka kamo hanya. A mota na yi ta jira. Ya yi gyaran murya, na kasa kunne, sai ya tofar da yawu. Muka sauka a Kwanar Dangora da yamma, na ɗora buhu a ka, muka kama turba.

Ba mu yi nisa ba gabas ta haɗe. Na ce irin na bara ne, zai watse. Sai iska mai sanyi ta bugo, sai ɗigo manya-manya suka fara faɗuwa a kan ƙasa mai zafi, ƙamshin ya tashi har na ji hawaye. Kafin ka ce kwabo ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Baba ya tsaya ya warware kabidonsa. Na ɗauka sawa zai yi, shi da sanyi ke tayar wa ciwon ƙafa. Sai ya zo ta bayana ya lulluɓa shi a kan buhun, ya ja shi ya rufe mini kafaɗu da baya, ya zagayo ya ɗaure mini igiyar a wuya. Hannunsa ya taɓa haɓata. Yana kallon gefe ya ce, "Kada iri ya jiƙe."

Ya shige gaba cikin ruwan nan, 'yar sharar jikinsa ta manne masa, haƙarƙarinsa duk a waje, yana jan ƙafa a cikin taɓo. A lokacin na ga irin ramar da ya yi. Muna shiga zaure ya buɗe murya, "Ladidi! Sabo! Ku fito ku ga abin da tsoho ya kawo!" Suka fito da gudu suka maƙale shi. Sannan ya ce, "A sauke a ɗakin Innarku."

Kashegari muka yi shuka. Daminar nan ta yi albarka, amma kafin gero ya nuna mun sha wuya, noma da yunwa ba wasa ba ne. Masarar Kofur da tafasa da rama su suka riƙe mu. Kumburin Sabo ya saɓe, Ladidi ta koma ba da oda. Da kaka aka ɗaura mini aure.

Shekara wajen arba'in muka ƙara tare. Ya binne Inna, ya ƙi ƙara aure, ya ce shi soja ne, tuta ɗaya ya sani. Ya aurar da jikoki, ya ga tattaɓa-kunne. 'Ya'yana ya goya su, ya yi musu fareti, ya kira kowanne da sunansa har da na tsokana. Matata kuwa har ta tsufa "matar wancan" ce. Yaran yanzu sai ka ga mutum ya saɓo ɗan farinsa zuwa masallaci yana kiran sunansa a gaban surukansa. Baba in ya gani sai ya kau da kai ya ce zamani. Ni kuwa sai in bi yaron da kallo.

A shekararsa ta ƙarshe ido ya tafi, hankali kuma ya fara komawa baya. Wani lokacin yana nan tare da mu, wani lokacin yana bariki. Sabo ke aske shi, Ladidi ta dawo gida tana dama masa kunu. Ni aikina shafa masa man zafi a ƙafar nan. Ko da ya rikice bai taɓa kuskure ba. In ya ji tafin hannuna sai ya ce, "A danna nan."

Ana saura kwana kaɗan ya rasu, da hantsi, na shiga da kwalbar man. Su Ladidi suna tsakar gida. Na kama ƙafar na fara murzawa, sai ya juyo da fuskarsa wajena.

"Audu, kai ne?"

Kofur Audu ya fi shekara ashirin da rasuwa. Na buɗe baki zan ce ni ne, sai na rufe. Na waiga ƙofa kamar zan yi sata.

Na ce, "Ni ne, Saje."

Ya yi murmushi, bakin ba haƙori ko ɗaya. Ya laluba ya kama hannuna ya matse. "Audu, wani ɗan garinmu ya zo. Ya ce Haruna ya fara tafiya." Ya yi 'yar dariya. "Wai taku uku ya yi ya faɗi a kan turmi. Haruna fa! Ƙato ne, ya ce duk unguwar ba yaro kamarsa. Kai Audu, in Allah Ya mayar da ni gida..."

Ni kuwa hawaye yana ɗiga a kan ƙafar da nake shafawa. Sau biyu ya faɗa, na ƙirga. Na ce, "To Saje, in ka koma, ka riƙa kiransa mana. Ka gaya masa abin da kake gaya mana."

Ya saki hannuna ya ɗan ja baya, kamar na faɗi abin da ba ya faɗuwa.

"Haba Audu," in ji shi. "Ɗan fari ne fa."